Albarushin Ummaru Maƙeri

A gindin dalbejiyar ƙofar gidan Ummaru maƙeri, a Kurfi, aka ƙulla maganar. Malam Talha, malamin kimiyya a wata makarantar sakandare ta Dutsin-Ma, shi ya zo bisa babur da wani dogon bututun roba ɗaure a baya. Ya ce roka yake haɗawa, irin abin nan da ake harbawa sararin samaniya, komai ya kusa kammala, saura abin da zai tura ta sama. Ummaru ya juya bututun, ya leƙa cikinsa, ya ce shi fa shekara biyu ke nan rabonsa da albarushi, ko Malam bai ji labari ba ne.

Malam ya ji. Kowa ma ya ji. Lokacin da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, wani kwamitin tsaro ya bi maƙera gida-gida yana kwashe kayan aiki, wai su ke ƙera wa mutanen daji bindiga. Ummaru bai taɓa sayar wa ɗan daji ko ƙusa ba. Mafarauta yake yi wa albarushi, manoma kuma fartanya da galma. Amma ranar kwasa ba wanda ya tsaya tambaya. Aka tafi da zugazugi da masaba da awartaki, sannan ƙarti huɗu suka ɗaga uwar maƙerar da ya gada wurin ubansa suka jefa bayan mota. Tun daga ranar yake zaune yana feƙe ƙotar fartanya da wuƙa, aikin da ba ya bukatar maƙeri.

Malam Talha ya san inda ke yi masa ciwo, can ya taɓa. Ya ce ranar baje kolin kimiyya na makarantarsu, babban baƙo shi ne Alhaji Mutawakkil, shugaban kwamitin nan, mutumin da mabuɗin siton da aka tara kayan maƙera ke aljihunsa.

"Baba, ka yi mani abin da zai ɗaga ta. Ranar da ta tashi zan kama lasifika in faɗi sunanka gaban Alhaji, in ce aikin hannun Ummaru maƙeri na Kurfi ne. In ya ji haka a bainar jama'a, kunya ma ba za ta bari ya ci gaba da riƙe maka uwar maƙera ba."

"Sunana za ka faɗa? Da bakinka?"

"Da bakina, Baba."

"To ba ni hannu."

Batula, matar Ummaru, tana jin su daga zaure. Da babur ya tafi ta ce masa ita dai ba ta taɓa ganin ɗan boko ya zo gidan talaka da alheri tsagwaronsa ba. Ya ce mata ai shi ma ba don Allah zai yi ba, ciniki ne, kowa da abin da yake nema.

Albarushi ba ya bukatar uwar maƙera. Turmi ne da taɓarya da gawayin tumfafiya da sauran abubuwan da Ummaru bai taɓa faɗa wa kowa ba. Cikin mako guda ya haɗa na farko. Da Malam Talha ya dawo, Ummaru ya gwada masa shi yadda ubansa ya koya masa: ya zuba ɗan kaɗan a tafin hannu, ya ɗauko garwashi ya taɓa. Wuta ta yi fuu, ta ɓace. Ya buɗe tafin ya nuna masa, fes, ko tabo babu. Haka ake gane mai kyau a gidansu tun kaka da kakanni. Wanda ya tashi gaba ɗaya bai ƙona mai shi ba, shi ake ba maharbi. Wanda ya tsaya ya ci fata, zubar da shi ake yi a bayan gida kada wani ya gani.

Malam Talha ya yaba, sannan ya ce ba irin wannan yake so ba. Ya ce bindiga ce ke son wuta ta tashi lokaci guda. Ita roka so take a riƙa tura ta sannu a hankali, kamar mai tura kura a hawa. In aka ba ta mai zafin nan, bututun ba zai iya riƙe shi ba. Shi malalacin albarushi yake nema, mai ci a hankali.

Abin ya ɗaure wa Ummaru kai. Shekara arba'in yana gudun malalacin albarushi, yau ga mai digiri ya zo takanas daga Dutsin-Ma yana roƙonsa ya lalata aikinsa da gangan. Amma ya tuna uwar maƙera, ya koma kan turmi. Sau uku yana ɓata haɗin, Malam na cewa da saura. A na huɗu, da ya taɓa garwashi, wutar ta zauna a tafinsa tana huci har sai da ya yarfar da ita. Fatar ta tashi. Malam Talha har da tafi, wai an samu. Ummaru ya yagi tsumma ya ɗaure hannun.

Sauran aikin tare suka yi shi, kuma gaskiya ya yi wa tsohon daɗi. Malam ya yanka fukafukai uku daga falanki ya manna da gam. Ummaru ya sassaƙa mata kai mai tsini da iccen ƙirya, ya murza shi da yashi har ya yi santsi. Bakin da wuta za ta fita ya gina shi da ƙasar suri, ya huda da ƙusa, Malam na aunawa da rula yana cewa a ƙara kaɗan. Lemar da za ta sauko da ita kuwa, tsohuwar lemar Batula ce aka cire wa ƙarafa. Ta ba da ita tana mita.

Bayan an yanke dawa suka fita gwaji, da hantsi, a gonar Ummaru da ke bayan gari. Sai da suka bi maƙwabtan gona suka gaya masu kada kowa ya firgita. Malam ya kafa sandar ƙarfe, ya zura rokar, ya ja waya zuwa batirin babur. Da ya ɗaga wayar hannunsa zai ɗauki bidiyo, Ummaru ya ja da baya.

"Kada fuskata ta fito, Malam. Har yanzu doka na kaina. Ka bari sai ranar."

Malam ya haɗa waya da batir. Abin ya yi huci, ya yi hayaƙi, kamar ba zai motsa ba, sai kuma ya zabura. Rokar ta wuce kukar bakin gona, ta wuce inda shaho ke shawagi, ta koma kamar tsinke. Can sai ga lemar Batula ta buɗe, baƙa da faci ja, tana lilo har ta sauka cikin kara. Ummaru ya yi dariyar da rabonsa da irinta tun kafin a zo kwasa.

Dariyar ba ta kai gida ba. A hanyar dawowa suka haɗu da Labaran maharbi, tsohon mai sayen albarushinsa, wanda yanzu yake cikin 'yan sa-kai. Labaran ya ga hayaƙin daga nesa, ya kuma shaƙi warinsa. Ya dubi hannun da ke ɗaure da tsumma ya yi murmushi.

"A'a, Sarkin Wuta, yau kai ta cinye? Na ga hayaƙi baƙi ƙirin kamar ana ƙona taya, na ce wannan ba na gidan Ummaru ba ne. Ashe hannu ma tsufa yake yi."

Ummaru ya ce masa ruwan zafi ne ya zubo masa. Labaran ya ce to Allah ya sawwaƙe, ya wuce yana dariya.

Saura kwana biyar a yi taro, Malam Talha ya kawo sabon bututun kwali da za a ɗura wa albarushi, ya ce Baba ya cika shi da irin na ranar nan sak, shi zai tafi ya ji da fenti da rumfa da kujeru. Ya tafi ya bar tsoho da turmi da tunani.

Ga abin da Ummaru ya lissafa, kuma in ka zauna a inda yake zaune ba za ka ce hauka ba ne. Ranar nan sunansa za a kira da lasifika. Alhaji ba zai zo shi kaɗai ba, da 'yan sa-kai zai zo, mutanen da ke gane albarushi daga launin hayaƙi. Za su ga baƙin hayaƙi, su ji an ce na Ummaru ne. In an maido masa uwar maƙera bayan haka, wa zai sake kawo masa aiki? Kuma in malalacin nan ya kai ta sama da shaho, to mai kyau fa, ina zai kai ta?

Kwana uku yana daka. Ya ari rariyar Batula mai laushi ya tankaɗe. Ya zuba a tafin hagu, ya taɓa garwashi. Fuu. Fes. Bai taɓa yin mai kyau kamarsa ba.

Batula na tsaye a kansa ta ce, "Malam fa irin wancan ya ce maka."

"Malam karatu ya sani. Wuta kuma ni na san ta."

Ya ɗura, ya danna, ya rufe. Daga waje ba ka bambance shi da na farko. Da Malam ya zo ɗauka ya tambaya ko lafiya lau, ya ce lafiya lau.

Ranar taro Ummaru ya sa rigarsa ta Juma'a ya hau motar Dutsin-Ma. Filin ƙwallon makarantar ya cika, ɗalibai da iyaye da masu sayar da ruwan leda. Alhaji Mutawakkil na tsakiyar rumfa, 'yan sa-kai tsaye a bayansa, har da Labaran. Rokar na tsaye a tsakiyar fili, ta sha fenti kore da fari. Ummaru ya samu kujerar roba a layin baya ya zauna, ya ɓoye hannun dama cikin riga. Ɗalibai suka fara ƙirga da baya daga goma. Da suka kai ɗaya Malam Talha ya haɗa waya.

Ba ta tashi ba. Ko taku ɗaya ba ta yi sama ba. Farin haske ne ya walƙa, sai ƙara, irin wadda ke shiga ta ƙirji kafin ta kai kunne. Guntun bututu ya keta rumfa. Kan ƙiryar da Ummaru ya sassaƙa ya fasa gilashin motar Alhaji. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma a garin da mutane ke kwana da takalmi a ƙafa, ƙara irin wannan ma'ana ɗaya gare ta. Fili ya watse. Kafin hayaƙi ya baje an rufe shagunan bakin titi, mata na gudu ba mayafi suna kiran sunayen 'ya'yansu, labari ya kai tasha cewa mutanen daji sun shigo da manyan makamai. Wani ɗan sa-kai ya harba sama, abin ya ƙara rikicewa. Alhaji kuwa daga ƙarƙashin tebur aka zaro shi, ba hula, babbar riga duk lemo.

Da ƙura ta lafa, Alhaji ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Malam Talha na riƙe da makirufo tun ɗazu, bai ma san bai kashe ba, don haka har bakin titi an ji shi.

"Ranka ya daɗe, nawa bututu ne da lissafi. Albarushin aikin hannun Ummaru maƙeri na Kurfi ne."

Ba a sha wahalar nemansa ba. Layin baya duk kujeru sun kife, shi kaɗai ke zaune. Ya miƙe da kansa. Da za a wuce da shi ta gaban Labaran, Labaran ya sunkuyo ya ce masa a hankali, wallahi farin hayaƙi ne, bai taɓa ganin mai kyau irinsa ba. Abin da Ummaru ya samu ke nan a taron.

Kwana tara ya yi a tsare, sai da dattawan unguwa suka tsaya masa, ya dangwala yatsa a takarda cewa har ya mutu ba shi ba albarushi, ba shi ba ƙira. Bayan ya dawo Malam Talha ya zo sau ɗaya, bai ko sauka daga babur ba. Ya tambaye shi me ya ɗura a ciki. Ummaru ya ce mai kyau. Malam ya ce ai ya gaya masa bututun ba zai riƙe mai kyau ba. Ummaru ya ce haka ne, Malam ya gaya masa, kuma ya cika alkawari, ya faɗi sunan da bakinsa, shi Ummaru ba ya bin sa komai. Batula ta leƙo ta tambayi lemarta. Malam ya tayar da babur ya tafi.

Da aka kira Malam Talha ya yi bayani, bidiyon gonar ya nuna, ya ce ga yadda take tashi in an bi lissafi. Bai yi ƙarya ba. Bidiyon ya bi wayoyi har ya kai Katsina, aka gayyace shi can, aka ba shi lambar yabo, yanzu a babban birni yake koyarwa. In ka kalli bidiyon da kyau, a gefen dama, kusa da ƙarshe, wani hannu ɗaure da tsumma yana shigowa yana nuna sama. Iyakar Ummaru ke nan a ciki.

Kafin damina kwamiti ya ce ba amfanin ajiye kayan mutanen da ba sa jin magana. Aka buɗe sito, aka kira 'yan gwangwan, suka ɗora komai a sikeli. Labaran ne ya zo ya gaya wa Ummaru cewa ya ga uwar maƙerarsa a bayan tirela mai zuwa Kano, ya gane ta da tsagar nan ta gefe.

Malam Talha ya ci riba. Mai gwangwan ya ci riba, don ƙarfen da ne, mai nauyi. Alhaji ya yi asarar gilashi da hula, ya sake wasu a makon. Batula ta yi asarar lema. Ummaru ya yi asarar uwar maƙera, kuma har yau yana nan gindin dalbejiya yana feƙe ƙota, tafin dama da tabo, na hagu fes.