Ragon Maharazu

"Ba kuɗi zan ba ka ba," na ce da Maharazu. "Rago gare ni, fari, na wata goma sha huɗu. Ran da na ga fuskarta a cikin akwatin nan, ka kwance shi ka tafi."

Ya aje sukudireba ya dube ni. Shi ne mai gyaran kwamfuta a bakin tashar Ƙanƙara, magidanci ne mai 'ya'ya biyar, kuma ya san rago.

"Fuskar wa, Alhaji?"

"Ta mai ɗakina. Talatu. Bara ta rasu."

Ya yi mani ta'aziyya, sannan ya ce, "In kuma ba ta gyaru ba fa?"

"Ka sha fura ka koma gida."

"Alhaji Barau, ashe abin da ake faɗi a kanka gaskiya ne." Muka tafa.

Ga yadda abin yake. Ɗana Hadi yana aiki da masu mai a Fatakwal, lokacin kuɗin mai ya sake dawowa, kowa ɗansa na aiko mashi da abin da bai roƙa ba. Bayan sadakar arba'in ya kawo mani kwamfuta da ƙaramin janareto har Faskari, ya ce ya zuba bidiyon bikin yayarsa Asma'u a ciki, Innarsu na nan wajen tsakiya. Ya nuna mani wuri biyu da zan danna, ya koma. Talatu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, in ban da na fasfo, wanda ya tafi da hukumar alhazai.

Kullum bayan la'asar sai in tada janareto in zauna. Masu kiɗa su wuce, tukwane su wuce, ƙannena su wuce suna washe baki. Daidai inda mai ɗauka zai shiga cikin gida, sai akwatin ya yi tsit, gilashi ya yi baƙi. In na taɓa bayansa, zafi kamar murfin tukunya. Wata bakwai ina haka. Na haddace zanen kowace mata a bikin nan, ban da tawa.

Washegari Maharazu ya iso a kan babur. Ya kwance murfin akwatin, ya leƙa, ya kai hanci.

"Alhaji, wa ke soya ƙuli a nan ciki?"

"Man gyaɗa ne. Ni na ɗiga mata."

"Don me, don Allah?"

"Shekara talatin da ɗaya ina jan babbar mota daga Sabuwa zuwa Ikko. Duk abin da ke juyawa, in ya yi ƙara, mai yake so."

"To wannan ba Ikko za ta ba."

Ya nuna mani. Akwai ƙaramar fanka a kan wani ƙarfe mai haƙora, ƙarƙashinsa ƙwaƙwalwar akwatin take. Man da na yi ta ɗigawa ta ramukan baya ya haɗu da garin da ke tasowa daga injin niƙan maƙwabcina, ya zama kamar tuwon jiya. Fankar ko motsi ba ta yi. Ga kuma bargon da nake lulluɓa mata don kada ta yi datti. Ya ce ƙwaƙwalwar in ta ji za ta ƙone, sai ta kashe kanta. Na ce ta fi direbobi da yawa hankali.

Ya wanke fankar da fetur da tsohon burushi, ya shanya ta a rana. Ya kankare wani busasshen abu a bayan ƙwaƙwalwar, ya ɗiga sabo, fari, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ya hana ni bargo. Ya janyo akwatin daga jikin bango.

Yana ɗaure kusoshi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Alhaji, gaskiya ɗaya. Ana iya jan bidiyo gaba. Da ka sani, da tun bara ka gan ta, ba rago."

Hadi bai nuna mani wannan ba, ni kuma ban tambayi kowa ba, don ban so a san abin da nake yi bayan la'asar.

"In ja?" ya ce.

"Bar shi. Zan isa da ƙafata."

Masu kiɗa suka wuce. Tukwane. Ƙannena. Na ɗora hannu a bayan akwatin, iska mai ɗumi na fita, ba ta tsaya ba. Mai ɗauka ya shiga zaure, ya ratsa tsakar gida, ya nufi ɗakin ƙarshe, ya ɗaga labule.

Talatu na zaune bakin gado, ta ba ƙofa baya. Kafin ya matso ta ja gyale ta rufe kai.

"Kai, fitar mani da abin nan!"

Mata suka yi dariya, labule ya sauka. Shi ke nan.

Asma'u 'yar fari ce. Talatu ko sunanta ba ta taɓa kira ba, balle ta fito a gan ta ranar aurenta. Shekara arba'in ina tare da matar nan, ya kamata in san haka kafin in tada janareto ko sau ɗaya.

Maharazu ya tattara kayansa a hankali. "Ba a ga fuska ba, Alhaji. Ciniki bai faɗa ba."

"Kwance ragon."

"Wallahi ba zan..."

"Maharazu, ni na yi cinikin, ni na san abin da na saya. Kwance shi."

Muka ɗaure ragon a bayan babur, yana kuka har suka sha kwana. Na dawo na tarar da tsakar gida ba mai motsi sai ni.

In ana maganar riba, Maharazu ya ci: wuni ɗaya, fetur kwalba guda, ya yi layya. Hadi ma ya ci, ya ji a waya cewa kayansa na aiki. Ni ne na faɗi. Da, kullum bayan la'asar ina da wurin da ban isa ba tukuna. Yanzu na isa, kuma abin da ke wurin bai wuce ƙeya da kalma shida ba, su ma ba da ni take ba.