Kyamarori Biyu a Hanyar Darini

A shekarar da mudun gero ya fara gagarar mai albashi a Batsari, Mardiya ta ce kyamara za ta saya. Mijinta Malam Mannir, malamin lissafi a sakandaren garin, yana alwala lokacin da ta faɗa. Sai da ya ajiye butar ya dube ta.

"Kyamara? A wannan marra?"

"A wannan marrar dai, Malam. Adashena ya fito, kuma tun ina budurwa abin yake raina."

Bai ja maganar ba, don ya san matarsa. Ma'aikaciyar jinya ce, tana yini a tsaye a asibiti, ta dawo ta ɗora tukunya, amma duk da haka wayarta cike take da hotuna: hannun mai tuyar ƙosai, tsoho mai gyaran takalma a bakin tasha, awaki sun fake a jikin katanga ana ruwa. Wayar ce ta gaji. Da rana ta yi sanyi, sai hoto ya fito kamar an shafa masa toka.

Ƙaninta Huzaifa, mai sayar da kayan lantarki na hannu a Katsina, ya aiko mata da guda biyu, ya ce ta gwada ta riƙe wadda ta kwanta mata. Dukansu ƙanana ne, kowace za ta shige aljihun jaka, amma manyan kaya ne. Ta farko mai zuƙowa ce: kana ƙofar gida sai ka jawo tantabarar da ke kan hasumiyar masallaci har ka ga ƙwayar idonta. Ta biyun baƙa ce, ba kwalliya, ba ta zuƙo komai. In fuskar mutum kake so, sai ka taka ka je gabansa. Sai dai Huzaifa ya ce gilashinta na shan haske, ɗaki mai duhu bai dame ta ba, kuma ba ta ƙara in an latsa.

Mannir tun a ranar ya gama zaɓa mata a ransa. Mai zuƙowa. Ya san halin da hanyoyi suke ciki, ya san ƙauyukan da aka tasa. Ya fi son matarsa ta tsaya daga bakin titi ta ɗauki abin da za ta ɗauka, su juyo tun rana na sama.

Ran Asabar suka hau babur zuwa Darini, sunan jaririn wata abokiyar aikinta. Kaka ce, an samu an noma gonakin kusa da gari. Gab da shiga, Mardiya ta taɓa kafaɗarsa. Can gindin wata tsamiya wata tsohuwa ke sheƙar gero, ta ɗaga ƙwarya sama, iska na kwasar ƙaiƙayi, rana na ratsa shi.

"Ga dama ta samu," in ji Mannir. "Ciro mai zuƙowar, daga nan ma ya isa."

Ta ciro ta saita, gilashin ya miƙo waje kamar wuyan kunkuru, ta latsa. Daidai nan tsohuwar ta waiwayo, ta ga baƙi biyu a kan babur sun nuna ta da wani abu mai ƙyalli. Ƙwaryar ta suɓuce mata, geron ya watse a ƙasa.

"Daudu! Daudu!" ta ƙwala kira.

Wani dogon mutum ya fito daga bayan zana da lauje a hannu, wasu biyu na biye da shi.

"Ku su wane ne? Wa ya aiko ku ɗaukar hoton gidanmu?"

A lokacin, baƙon da ya tsaya daga nesa yana ƙare wa gida ko garke kallo ba a yi masa kyakkyawan zato, don an sha ganin abin da ke biyo baya. Hannun Mannir ya kai kan makulli zai tayar da babur, sai ya ji bayansa ya yi sauƙi. Mardiya ta sauka.

Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma yi nawa ba. Ta wuce mazan da sallama, ta tuɓe takalmanta a bakin tabarma, ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, ina wuni? Ya aiki? Ya ƙarfin jiki? Ki yafe mini, ni ce da laifi. Na ɗauke ki ban yi miki sallama ba."

Ta miƙa wa dogon mutumin, Daudu, kyamarar ya ga hoton, ta goge shi a gabansa, ta faɗi inda take aiki da gidan sunan da za su. Sannan ta sa hannu ta fara tattara geron da ya zube, tana hure ƙasar tana zubawa a ƙwarya. Mannir na tsaye riƙe da babur yana kallon matarsa, kamar yau ya fara ganinta.

Tsohuwar, Inna Asta, ta daɗe tana duban ta. Daga Babban Duhu suka taso can ƙasar Safana, bayan an kore musu shanu, suka raɓe a nan wurin dangi.

"'Yar nan," ta ce daga ƙarshe, "in hoto kike so, ai ba da ƙaiƙayi a kaina ba. Taso mu shiga."

Suka shige bukka. Daudu ya jingine laujen, ya shimfiɗa wa Mannir buhu, ya kawo masa ruwa. Suka gaisa sosai, suka taɓa zancen damina. Daga ciki ana jin muryar Mardiya tana tambayar sunayen shanun, Inna Asta na ba ta labarin wata saniya mai taurin kai da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai an yi mata waƙa. Can sai dariya ta ɓarke. Ba a ji ƙarar kyamara ko sau ɗaya ba.

Da suka fito, baƙar ce a hannun Mardiya. Ta nuna musu. Inna Asta ce zaune da sabon kallabi, bayanta jeren ƙorai masu zane da ta ɗauko a kai ranar da suka gudo. Ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa ya kwanta a rabin fuskarta, har zanen kumatunta ya fito sarai, bakinta a buɗe tana dariya.

Daudu ya riƙe kyamarar da hannu biyu, ya kasa mayarwa.

"Rabon da in ga Inna tana wannan dariyar," ya ce a hankali, "tun shanunmu na nan."

A hanyar komawa, bayan sun ci tuwon suna, Mardiya ta ce gobe za ta mayar wa Huzaifa mai zuƙowar.

"Kin san ita wannan kullum sai kin sauka daga babur," in ji Mannir.

"Na sani, Malam."

Suka wuce wani kwari. Tsoron hanya bai bar Mannir ba, amma ya ce, "To, ni zan riƙa kawo ki. In tsaya in gaisa da mazan."

Huzaifa ya wanko hoton babba ya aiko, suka kai shi Darini wata Juma'a. Inna Asta ta juya shi ta sake juyawa, ta ce kallabin ya karkace, sai an sake. Kafin Mardiya ta gama saitawa, matan maƙwabta sun cika tsakar gidan, kowace ta ɗauro zanen fita, suna gardamar wadda za a fara ɗauka.