Ganyen Ɓaure a Bangon Lalla Zuhur

"Bushta! Bushta, don Allah!"

Ina cikin ɗaure wa alfadarina kaya muryar ta ratso bango. Lalla Zuhur ce, matar maƙwabcina Si Tuhami. Tun da ƙafafunta suka mutu ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Na saki igiya na faɗa gidansu, ko sallama ban yi ba.

Tana kwance inda take kullum, kan katifar jikin bango, idonta a sama. Na bi idon. Si Tuhami na can kusa da rufi, kan katakon da ya gitta bisa tsani biyu, daidai saman kanta. Ya zube gefe guda, ƙafa ɗaya na reto, bakinsa ya karkace. Ƙarfen sassaƙa na hannunsa na dama, tsinin na kallon ƙasa. Garin farar ƙasa na zubo mata a fuska, ko ƙiftawa ba ta yi.

Ni wannan aiki tun farko ban ga amfaninsa ba, na kuma gaya masa. Mutumin ya ƙarar da ƙarfinsa yana sassaƙa ganyaye a bangon gidajen manyan birninmu na Fas, da hannunsa ya fara rawa aka daina kiransa. Sai ya juyo kan ɗakinsa. Ita 'yar kan duwatsu ce, cikin ɓaure da inabi ta tashi, ga shi yanzu ɗakinta ko taga babu, sai hasken da ke leƙowa ta ƙofa. Ya ce tunda ba zai iya kai ta gona ba, zai kawo mata gonar. Ni ke kawo masa buhunan farar ƙasa, ni ke tsinko masa ganyen ɓaure a bayan ganuwa, ya manna a bango yana kwaikwaya.

"Ganyen da ko akuya ba za ta ci ba," na taɓa ce masa.

"Shi ya sa bai burge ka ba," in ji shi.

Yanzu kuwa ba bakin wasa. Na durƙusa na kama bakin katifar.

"Lalla, bari in fara janye ki."

"Kada ka taɓa. Ƙafar tsanin ta danne katifar. Ka ja ni, ka jawo shi."

Na duba, haka ne.

"To bari in kira mutane."

"Su wa? Maza duk suna kasuwa. Kafin ka dawo ya faɗo. Hau, ɗan nan."

Ni mutum ne da ke saɓa buhu biyu a kafaɗa, amma ko rufin gidana ba na hawa. Duk unguwa an san wannan, har tsokanata ake yi. Na dafa tsanin. Na taka, ya yi ƙara. Na ƙara takawa, katakon sama ya motsa, ƙafar tsohon ta ƙara zamowa. Na tsaya cak, na leƙo ta a ƙasa.

"Kada ka kalle ni," in ji ta daga ƙasa. "Shi za ka kalla."

Da na kai gare shi na ga ido ɗaya ya rufe, ɗayan na kaina.

"Baba Tuhami, ba ni ƙarfen."

Na kama hannun, ya ƙanƙame kamar an ɗaure. Ya ɗaga haɓa wajen bango. Wani ganye ne babba, rabinsa ya fito da jijiyoyinsa, rabin har yanzu zane ne kawai a kan danshi.

"Zai bushe," ya ce, harshe na harɗewa.

"Ya bushe mana! Matarka na ƙarƙashinka, tsoho. Saki!"

"Rufe shi."

Na san abin da yake nufi. Farar ƙasa tana da danshi ake sassaƙa ta, in masu sassaƙa za su tashi aiki sai su rataya mata jiƙaƙƙen buhu. Bokitin na can ɗaya ƙarshen katakon, buhun a ciki. Na rantse da zan iya marinsa da na mare shi. Amma na san taurin kansa, ya fi na alfadarina.

Na danne ƙirjinsa da hannu ɗaya, na kwanta bisa katakon na miƙa ɗayan. Katakon ya lanƙwasa. Na ji wani abu ya ce ƙas, na ji Lalla Zuhur na salati a hankali. Yatsuna suka taɓa buhun, na jawo shi yana ɗiga, na maƙala a ƙusoshin da ya kafa. Sai hannun tsohon ya buɗe da kansa. Na cafe ƙarfen a iska, ta wajen tsinin, ya shige min tafin hannu. Ban ji zafi ba sai daga baya.

Na saɓa shi a wuya na fara saukowa, ba na ganin ƙafata.

"Ta hagu, ƙasa kaɗan," in ji ta. "Yauwa. Yanzu ta dama."

Haka ta sauko da mu. Na kwantar da shi kusa da ita, ta share masa farin gari daga gemu da gefen mayafinta.

"Wawan tsoho," ta ce. "Kai shi, Bushta. Yi sauri."

Mota ba ta shiga lungunanmu, sai an kai mutum ƙofar gari. Na zubar da kayan alfadarin, na ɗora shi, na hau bayansa na rungume shi, ina ihu a ba ni hanya. Daidai gidan gashin burodi na ji nauyinsa ya sauya a ƙirjina. Duk mai ɗaukar kaya ya san irin wannan. Na ci gaba da ihun har ƙofar, don ban san abin da zan yi ba in na yi shiru.

Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa.

Washegari 'yar ƙanwarta ta zo zama da ita. Ni da matata muka mayar da katifar ɗaya bangon, inda za ta riƙa ganin aikin sosai. Na kama tsanin zan fitar.

"Bar shi," in ji Lalla Zuhur. "Buhun ya bushe."

"Lalla, wa zai ƙarasa? Ni dai kin san hannuna."

"Ban tambaye ka wannan ba."

Na saki tsanin. Na ɗebo ruwa a bokiti na hau, hannu a naɗe da tsumma. Ganyen ɓauren da na tsinko masa na nan manne, ya fara naɗewa. Na jiƙa buhun na mayar, ban matse shi da kyau ba. Ruwan ya gangaro kan ganyayen da ya gama, yana taruwa a bakin kowanne kafin ya ɗiga.

"Matsa gefe," ta ce. "Ka tare min."