Dawakai Goma, Mutum Goma Sha Uku

Vern Tollefson ya gaya wa mutane don shaƙatawar iyali zai sayi jirgin ruwa. Gaskiyar magana saboda mahaifiyarsa ce.

Alvina Tollefson ta kai tamanin da bakwai. Shekara huɗu ke nan da ta zame a ɗakin girki ta karya ƙugu, kuma tun daga ranar ba ta ƙara shiga ƙaramin kwalekwalen kamun kifin Vern ba, don ƙafar ba ta ɗaguwa ta tsallake gefensa. Wannan ya raba ta da sujadar bazara da ake yi a tsibirin tsakiyar Tabkin Halvor, inda fasto ke tsayawa a kan gadar katakon da ake ɗaure jirage, jama'a kuma su saurara daga cikin jiragensu. Bana Fasto Engebretson, wanda ya binne mijinta, zai yi wa'azinsa na ƙarshe a can ranar Lahadin farko ta Agusta, daga nan ya ajiye aiki ya koma wajen 'yarsa a Arizona. Da labari ya iso wa Alvina, sai ta kalli taga ta ce ba sai kowa ya wahalar da kansa ba. Duk wanda ya tashi a wannan yanki na Minnesota ya san tsohuwa ba ta da roƙon da ya wuce wannan.

Washegari Vern ya ɗauki matarsa Marlys suka tafi wajen Rhonda Kvamme, mai sayar da jirage a bakin babbar hanya. Irin mai shimfiɗaɗɗen dandamali a kan dogayen tankuna biyu yake so, mai ƙofa a gefe daidai da gada, yadda ƙarfen dogarawar Alvina mai taya zai gangara ciki ba tsallake. Rhonda ta tambayi mutum nawa ne. Marlys ta lissafo 'ya'yansu mata biyu da mazajensu, da jikoki, da Kawu Elroy da matarsa, har aka kai goma sha uku. Rhonda ta nuna musu mai tsawon ƙafa ashirin da huɗu. Vern ya zagaye shi sau ɗaya, ya danna kujera da hannu, ya ce ya yi.

Da aka zo kan inji ne fuskarsa ta canza. Rhonda ta ce jirgi kamar wannan, da irin wannan lodi, kada a yi ƙasa da mai ƙarfin dawakai casa'in. Vern ya waiwaya ko wani ya ji.

Dole a faɗi dalili. Marlys tana da ƙane, Duane Pulkrabek, wanda shekara shida da suka wuce ya ɗaura wa jirginsa inji mai dawakai ɗari da hamsin. Ba wanda ya taɓa ce masa uffan. In ya wuce a guje ya bar jiragen mutane suna rawa a bakin gada, abin da ake cewa kawai shi ne, to, Duane dai yana son kayansa. A nan ba a zagin mutum fiye da haka, kuma ba bakin da maganar ta fi fitowa daga gare shi kamar na Vern. Yanzu a ce shi ma ya shigo tabkin da casa'in?

Ya ce wa Rhonda yana da inji a rumbu, mai dawakai goma, wanda mahaifinsa ya yi shekara ashirin da shi bai taɓa kunyata shi ba.

"Zai tura ka, kai da karenka," in ji Rhonda. "In karen bai karya kumallo ba."

Vern bai yi dariya ba. Ya bayyana mata cewa kujera karamci ce, inji kuwa nuna isa ne, kuma shi ba tsere zai shiga ba. Marlys ta buɗe baki, ta tuna shekarunsu talatin da huɗu tare, ta rufe. Rhonda ta sake faɗa masa a fili cewa ranar da iska ta taso zai tuna da ita, sannan ta miƙa masa biro.

Vern ba wawa ba ne, ya san injin ƙarami ne. Yana da dabara ne a ransa. Danginsa, kamar kowa a nan, ba sa karɓar tayi a karo na farko. In ka ce wa mutum ga abinci, zai ce a'a, ya ƙoshi. Ka maimaita, ya ce kada ka damu da shi. Sai a karo na uku yake miƙo faranti, yana cewa to, tun da ka matsa. Saboda haka Vern ya ƙudura zai yi tayin shiga jirgi sau biyu cif, ya tsuke bakinsa. Kowa ya ga akwai kujerarsa, ba mai cewa an ware shi, amma mutum uku ne za su tafi: shi, da Marlys, da tsohuwa. Mutum ya sayi kujeru goma sha uku don a gani, ya ƙi sayen ƙarfin da zai ja su don kada a gani, ya kira wannan tawali'u. Girman kai ne tsagwaronsa, tsofaffin kaya kawai ya sa.

Ranar Laraba ya gwada jirgin shi da Marlys, ruwa kwance lif. Suka je tsibirin cikin minti ashirin da biyar. Vern ya dawo yana cewa ina ma Rhonda tana nan ta gani.

Asabar dangi suka cika gidan bakin tabki. Ana cin masara da kifin da aka soya, Vern ya yi tayi na farko. Kowa ya ce a'a, su je kawai, ba sa son takura wa Kaka. Lahadi da safe wajen shan gahawa ya yi na biyu. Kawu Elroy, wanda shi kaɗai ya kai nauyin mutum biyu da rabi, ya ce ai shi ruwa ba ya yi masa daɗi sosai. 'Ya'yan Vern mata suka ce za su zauna da yara. Komai ya tafi daidai.

Tara da minti ashirin aka gangaro da Alvina, sanye da rigar cocinta mai ruwan toka da hular da take kafewa da allura biyu. Ƙarfen dogarawar ya shige ta ƙofar gefe sumul. Aka zaunar da ita a gaba. Dangi suka jeru a kan gada suna ɗaga hannu. Vern ya sunkuya ya kwance igiya, ya ɗago ya gan su tsaye reras, sai tarbiyyar shekara hamsin da takwas ta riga hankalinsa magana.

"Kun tabbata dai?"

Kawu Elroy ya ce to, tun da Vern ya matsa.

Ashe kowa a shirye yake. Takalman coci suna bayan ƙofa, rigunan kariyar yara suna ƙarƙashin benci. Aka fito da kuloli uku, da tukwanen gasasshen dankali da nama guda huɗu don cin abincin bayan sujada, da kujerun naɗewa da ba wanda ya san amfaninsu a jirgin da ke cike da kujeru. Tankunan suka ɗan nutse. Vern ya ja igiyar inji, injin ya yi tari ya kama.

Suna fita daga lungun da itatuwa suka kare, iska ta tare su gaba da gaba. Ba guguwa ba ce, irin iskar da ke busar da shanya ce. Amma jirgi mai dogon gefe da rumfa a kai, iska na kama shi kamar ƙofar rumbu. Vern ya murɗa injin har ƙarshe. Ƙara ta ƙaru, ruwa ya yi kumfa a baya, gidan maƙwabta kuma ya tsaya daidai inda yake a gefen dama.

Matar maƙwabcin tana kan gadarta da kofi a hannu. Ta ɗaga musu hannu, suka ɗaga mata. Bayan minti biyar ta sake ɗagawa. A karo na uku kunya ta kama ta, ta shige gida ta ja labule. Wata agwagwa da 'ya'yanta shida suka biyo ta gefe suka wuce su.

Ba wanda ya ce komai a kan injin. Mijin babbar 'yar ya ce iska dai ta ɗan taso. Matar Elroy ta ce a hankali ɗin ma ya fi, ana ganin wuri da kyau. Aka roƙi Elroy ya koma baya ko gaban zai ɗaga, ya koma, sai injin ya kusa nutsewa, aka roƙe shi ya dawo tsakiya. Mijin ƙaramar 'yar ya zaro filafili ɗaya tilo da ke jirgin ya fara tuƙi a ɓoye ta gefen da Vern ba ya gani, abin da ya sa suka fara karkata zuwa ciyayi.

Ƙarfe goma iska ta kawo musu ƙarar ƙararrawa daga tsibirin. Ko sulusin hanya ba su ci ba. Sujadar minti arba'in ce, Fasto Engebretson kuma bai taɓa ƙara minti ɗaya a kai ba.

A lokacin ne Duane ya ɓullo daga bayansu. Kullum a makare yake fitowa, don injinsa ya ba shi dama. Ya rage gudu, ya matso gefensu, ya tura hularsa baya.

"Suruki, kifi ake kamawa ne, ko anga kuka manta a ƙasa?"

Vern ya ce tafiya suke yi. Duane ya dubi gidan maƙwabta, ya dubi tsibirin, ya ce madalla. Sannan ya tambaya ko ya jefo igiya. Vern ya ce a'a, ba komai, sun kusa. Duane ya ce ba wahala ba ce, igiyar ga ta nan a ƙafarsa. Vern ya ce kada ya damu da su.

Saura na uku. Vern ya riga ya shirya amsarsa, har ya zaɓi wurin da zai ɗaura igiyar. Duane kuwa ya zauna, ya buɗe fulas, ya zuba gahawa. Ya gaida Alvina, ya yaba hularta. Ya tambayi Elroy ya gwiwa. Ya kawo zancen sauro, yadda bana suka fi na bara girma. Injinsa ko a mafi ƙarancin gudu ya fi na Vern, don haka sai ya ɗan yi gaba, ya cire injin daga giya, iska ta dawo da shi, ya ci gaba da zancen daga inda ya tsaya.

Marlys ta kira sunansa da muryar da take kiransa da ita tun yana ɗan shekara biyar.

"Yaya, mutum ya ce a'a har sau biyu," in ji Duane. "Ba na son matsa wa kowa. An ce dama ni mai son kayana ne."

Ashe ya sani. Shekara shida ya sani. Wuyan Vern ya yi ja har kunne. Ya kafe ido a kan tsibirin, yana lissafin cewa Duane ba zai iya daɗewa ba, ai shi ma a nan aka haife shi, na ukun zai kufce masa. A tsibirin waƙar farko ta ƙare, aka yi ta biyu, fasto ya yi nisa cikin wa'azi. Duane ya ƙara gahawa.

Sai Alvina ta ɗaga hannu ta zare allura ɗaya daga hularta, ta zare ta biyu, ta sauke hular ta ɗora a cinya. Ta ce ai ta sha jin wa'azin fasto, ba wani sabon abu zai faɗa ba.

Vern bai taɓa roƙon kowa komai da bakinsa ba. Shekarar da motarsa ta kafe a ƙanƙara, mil huɗu ya taka a ƙasa don kada ya ƙwanƙwasa ƙofar wani. Ya dubi farin gashin mahaifiyarsa da iska ke watsawa, ya kashe injin. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni.

"Duane, ka ja mu."

"Iska ta ɗauke maganar, suruki."

"Na ce don Allah ka ja mu. Injina ba zai iya ba."

A faɗi gaskiya, Duane bai yi dariya ba. Bai zaci abin zai fito tsirara haka ba, kunya ta rufe shi shi ma, har ya zubar da gahawa a wandonsa wajen neman igiyar. Sauran mutum goma sha biyun suka sami abin kallo a cikin ruwa.

Minti shida suka yi. Jirage sun fi arba'in a gaban tsibirin, kuma kowa ya juyo ya ga Vern Tollefson a ƙarshen igiyar Duane Pulkrabek, sannan kowa ya mayar da kai da sauri kamar bai gani ba. Fasto ya kusa kai ƙarshen wa'azi. Ya dakata, ya sa hannu ya kare rana, ya jira har aka buɗa musu hanya zuwa bakin gada. Alvina ta riga ta mayar da hularta.

"Alvina, na fara ba ki iso ba, ki gafarce ni," in ji shi a lasifika. Ya juya takardunsa ya koma shafin farko.

Mutanen da suka sa rai saura minti biyar a buɗe tukwane suka ƙara minti ashirin da biyar a rana, abinci na hucewa, yara na kuka, kuma ba wanda bai san a jirgin wa zai ɗora laifin ba. Alvina ta saurara daga farko har amin, bakinta na motsi a wuraren da ta haddace. Da aka tashi, fasto ya sauko cikin jirgin da kansa, ya riƙe hannuwanta biyu, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa.

Bayan an ci abinci Vern ya duƙa yana duba man injinsa. Ya ce wa kowa komawa ba matsala, iska tana bayansu yanzu. Alvina ta miƙe, ta kama ƙarfen dogarawarta, ta tura shi ta ƙofar gefe zuwa jirgin Duane da ke ɗaure a jikin nasu. Ba wanda ya yi mata tayi ko sau ɗaya. Ta zauna a kujerar gaba, ta cire hular ta danne ta da jaka, ta tambayi Duane iyakar gudun abin nan.