Farin Malam Dalhatu

Inna Barakatu ta buɗe adakar, ta zura hannu har ƙasa, ta fito da shi wayam. Ta sake zurawa.

"Muhsina, zo duba min. Idona ne ko kuwa?"

Na durƙusa na duba. Daga tsohuwar hula sai ƙullin kanumfari. Likkafanin ba ya ciki. A ɗakin da ke bayanmu kuwa mijinta Malam Dalhatu na kwance an rufe shi da zane, tun hantsi ya cika.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Rurum. Malam Dalhatu masaƙi ne, ɗan masaƙi. Da ƙuruciya ya yi aiki a gidan gurzar auduga, da aka rufe injin ya dawo zaurensa ya kafa saƙa. Mutane sun daina sayen fari tuntuni, shi dai bai daina ba. Abu na ƙarshe da ya saƙa shi ne likkafaninsa. Inna ce ta kaɗa zaren da mazari, ni na taya ta ɗinke ƙwaryoyin saƙar suka zama zane ɗaya. Yakan ce da ni, "Jikalle, in na tafi kar ku bari a naɗe ni da alawayyon kanti. Kaikayi yake min." Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Sagiru ne," in ji Inna. Sagiru ɗan ƙanen Malam ne. "Shekaranjiya ya zo ɗibar kayan saƙa, wai ƙungiyarsu na bikin raya al'adu a Rano. Na ce ya ɗauki na zaure. Ashe har ɗaki ya shigo."

Wayarsa a kashe. Maza sun tafi haƙa kabari, liman ya ce da an sallame azahar za a fita da shi. Inna ta riƙo hannuna.

"Ke kika san ɗinkinsa. Je ki karɓo."

Ni da ko gaisuwa a gaban mutane sai muryata ta maƙale. Amma na ja hijabi, yayana Tajuddeen ya tayar da babur, muka nufi Rano.

A tsohon gidan gurzar ake bikin. An share kashin jemagu, an jera kujerun roba. A bakin ƙofa na ga kayan saƙar Malam, ƙoshiyarsa da masefinsa, a kan tabarma, yara suna ɗaukar hoto da su. Wani saurayi ya kifa ƙoshiyar a kunne kamar waya, abokansa suna shewa.

Na duba ko'ina ban ga farin ba, sai da na ɗaga kai wajen manyan baƙi. Ga shi nan an shimfiɗa a kan dogon tebur. Na gane shi da ɗinkina, wanda ya karkace a gefe. Farantan shinkafa a kai, ƙasusuwan kaji, lemon kwalba ya zube ya yi taswira. Wani Alhaji ya ajiye tuƙar goro a kansa. Ina kallo wata Hajiya ta kama gefen ta goge maiƙon yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Sagiru na tsaye da babbar riga, lasifika a hannu. Na lallaɓa na tsuguna kusa da shi.

"Yaya Sagiru, Baba ya rasu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?"

"Da hantsi. Likkafaninsa ne wancan. Ana jira."

Ya kalli teburin, ya kalle ni.

"Likkafani? Ai na ɗauka mayafi ne. To yanzu ya kike so in yi, in ce wa baƙi su ɗaga farantansu? Bari su gama."

"Azahar za a kai shi."

"Ke, ba a sayar da yadi a Rurum ne?"

Sai ya gyara murya ya kai lasifikar bakinsa.

"Jama'a, yanzu labari ya iso mana. Babana, masaƙin ƙarshe na ƙasar nan, ya riga mu gidan gaskiya. Tarihi ne ya faɗi! Wannan ƙyallen da ke gaban manyanmu, da hannunsa ya saƙa shi."

Aka yi salati. Alhajin nan ya shafa farin da hannun da yake cin kaza. "Kai, Allah ya jiƙansa. Aiki ne na gaske. Ba a irinsa yanzu." Ya ci gaba da ci.

Ban san lokacin da na isa teburin ba. Na ɗauki farantin farko na ajiye a ƙasa, na ɗauki na biyu.

"Wace ce wannan? Ke yarinya, ba mu gama ba!" in ji Hajiyar.

"Mai shi yana jira," na ce. Ban sani ba ko ta ji.

Na naɗe shi da danshinsa, na rungume, na fita. Babu wanda ya tare ni. Kafin mu hau babur har makaɗa sun ci gaba.

Tajuddeen ya yi gudu iyakar yinsa. Muna hanya muka ji ana sallame salla a wani masallaci. Da muka shiga Rurum, sai ga maza suna dawowa daga gabas, ƙafafunsu duk jar ƙasa, biyu na ɗauke da makara ba kowa a ciki. Tajuddeen ya kashe babur ɗin tun ban ce komai ba.

Inna na zaune a tsakar gida, mata sun kewaye ta. Na ajiye mata a cinya. Ta warware, ta daɗe tana kallon man jan da sawun goron.

"Liman ya ce ba a jinkirta gawa," ta ce. "Alawayyo aka sayo."

Ta miƙe ta ɗauko baho da sabulu. Mata suka ce ta bari, ta ƙi. Ni na ɗebo ruwa, muka cuɗa tare. Lemon ya fita, goron ya fita, man ne ya ƙi. Muka shanya shi a igiya, daga bakin ɗakinta har ƙofar zaure, yana ɗiga a kan ƙasa.