Wayar da Ke Bin Bangon Lungu

Maigidana ba ya son ganin wayar lantarki a fili. Ko igiyar caja ya tarar a kan kujera, sai ya naɗe ta, ya ɗaure da roba, ya adana a inda mai ita ba zai sake ganinta ba sai ya tambaya. Tun suna yara ƙannensa suka laƙaba masa Tsaf-tsaf, kuma har yau bai yi abin da zai sa a janye sunan ba. Sai ga shi Allah ya zaunar da shi a gidan mahaifinsa, gidan da wayoyi suka cika kamar shuka su aka yi.

Baba ne ya ja su duka. Gyaran rediyo da lasifika ne aikinsa har ƙarfi ya ƙare, kuma a wurinsa wayar da ake gani ita ce waya mai gaskiya. A cikinsu akwai wata siririya mai ruwan toka. Daga bayan talabijin ta taso, ta fita daga falo, ta bi bangon lungun da ya ratsa tsakiyar gida, ta wuce ƙofar kicin da ta banɗaki, ta shige ɗakin ƙarshe. Lokacin da ciwo ya kwantar da Inna, surukata, har ta daina iya fitowa kallo, Baba ya ja wayar nan zuwa wata 'yar lasifika a kan gadonta don ta riƙa jin abin da muke kallo. Bayansa ba ya barinsa hawa tsani, ba ya kuma barinsa sunkuyawa, saboda haka ya kafa ta daidai ƙugunsa da ƙananan ƙusoshi masu hular roba. Inna ta rasu, lasifikar ma ta bi bayanta ba da daɗewa ba. Wayar ta zauna, Baba kuma ya kwashe kayansa ya koma ɗakin.

Ni malamar makaranta ce, da rana nake dawowa, maigidan kuwa sai yamma liƙis. Don haka ni na fara sani.

Wata rana ina kishingiɗe a doguwar kujera, barci na ɗauka yana saki, labule na shiga yana fita, hasken rana ya kwanta a ƙasa kamar an zubar da man gyaɗa. Sai na ji wata 'yar ƙara daga lungu, tis, shiru, tis, shiru. Na ɗauka famfo ne ke ɗiga. Da na ɗaga kai sai na ga Baba tafe, idonsa a buɗe amma ba ya kallon komai, yatsunsa biyu a kan wayar, farcensa na taɓa kowace ƙusa. Inda wayar ta ɗan lanƙwasa ya kauce wa ƙofar banɗaki. Inda aka haɗa ta da baƙin salatif ya rage sauri, nan ne kicin. Da lungun ya ƙare ya miƙa hannu, sai ga bayan kujerarsa, ya zauna yana fuskantar talabijin kamar kowa.

Numfashina ya ji.

“'Yata, ke ce?”

“Ni ce, Baba.”

“Ba ki ga komai ba.”

“Barci nake yi, Baba.”

Sai ya ce, “Yayarku ta ce ranar da na gaza za ta zo ta ɗauke ni. Gidanta akwai mai aiki, akwai bene, akwai komai. A riƙe mini hannu zuwa banɗaki, a riƙe mini hannu a dawo da ni. Ni kuwa nan na san hanya.”

Yaya ita ce babbar 'yarsa, mai kirki ce, irin kirkin da ba ya tsayawa jin ta bakin wanda ake yi wa. Na tausaya wa tsohon, idonsa ya tafi kuma ba ya so a sani. Daga ranar muka zama abokan sirri. Kofin shayinsa wuri ɗaya nake ajiyewa, hannun kofin yana kallon dama. In ana kallo da yamma sai in riƙa surutu kamar mara hankali, “Kai, ga shi ya shigo da jar riga,” Baba kuma ya gyaɗa kai ya ce ai tun ɗazu ya gan shi. Maigidan har ya fara cewa na zama rediyo.

Ana haka ya sayo sabuwar talabijin, faffaɗa, siririya kamar faranti, da akwatunanta na sauti. Ya ce bango za a maƙala ta, kuma ba ya son ganin ko zare ɗaya yana lilo. Na ce to a yi na falo, amma a bar ta lungu yadda take. Ya tambaye ni dalili. Dalilin kuwa ba nawa ba ne da zan bayar, sai na ce kawai na saba ganinta. Ya ce “to,” irin to ɗin da maza ke cewa hankalinsu na wani wuri.

Ya ɗauki hutun rana ɗaya ya kira mai haɗa kayan. Ina makaranta aka yi komai, daga baya shi da bakinsa ya ba ni labari yana alfahari. Wai bai taɓa wayar ba sai da ya nemi izini. A gaban mai aikin ya ce, “Baba, wannan tana aiki kuwa?” Baba, da bai taɓa yi wa waya ƙarya ba a rayuwarsa, ya ce ba ta ɗauke da komai. “To a cire?” Me tsohon zai ce? Ya ce a cire.

Da na dawo ban gane falon ba. Talabijin na shawagi a bango kamar taga da aka buɗe zuwa wata ƙasa. An sare bango an binne bututun roba, an zura wayoyin ciki, an shafe, an yi fenti. Dikoda da sauran tarkacen sun shige wata 'yar durowa mai ƙofa, rimot na yi musu magana ta bayan katako. A allon ana ruwan sama a wani daji, ruwan kuma yana sauka ta gabana, ta bayana, ta saman kaina, har na ɗaga ido na duba silin. Gaskiya ya yi kyau. Na tsaya da jakata a kafaɗa ina jin kamar an ɗauke ni da rai an ajiye cikin mafarkin wani.

Sai na leƙa lungu. Bango fari fat, sumul, daga farko har ƙarshe.

“Har wani baƙin layi na tarar a saman wayar,” in ji maigidan, “kamar ana goga hannu. Sai da aka yi masa fenti biyu.”

Baba bai fito da yammar nan ba. Ya ce ƙurar aikin ta dame shi. Washegari ya ce ƙafa. Na riƙa kai masa abinci ɗaki, in na tabbata mu kaɗai ne a gida sai in yi tafiya a gabansa ina jan silifas da ƙarfi, ya bi ƙarar zuwa banɗaki, ba na taɓa shi, ba ya gode mini, haka muka fi so. Amma mutum ba ya rayuwa a kan ƙarar silifas ɗin surukarsa. Ya rage shan ruwa don kada ya buƙaci fita ba na nan. Ya koma zama a bakin gadon Inna, matacciyar lasifikar a cinyarsa, yana juya ta.

“Da,” ya ce mini wata rana, “in na ɗora yatsa a kan wayar nan, sai in ji kamar tana ɗan motsi. Na san babu wuta a ciki, ni na ja ta. Amma sai in ji kamar tsohuwar na can ƙarshe tana saurare, tana jira a gaya mata wa ya shigo da jar riga.”

Na yi dariya don kada in yi ɗayan.

Maigidan ya ga mahaifinsa ya daina fitowa, hankalinsa ya tashi, ya yi abin da ɗa nagari ke yi, ya kira Yaya. Ta ce ai dama ta faɗa, a haɗa masa kaya, ƙarshen mako za ta zo da mota. Na ji hirar tasu da kunnena. Na yi ta juya maganar a raina, in faɗa in ci amanar Baba, in yi shiru a ɗauke shi. Duk ta inda na bi, motar Yaya ce a ƙarshen hanya.

Ranar da za ta zo, da hantsi, muna falo ni da maigidan. Ya kunna abin da ya fi so, bidiyon teku, wai don ya ji yadda akwatunan ke aiki. Ruwa na tahowa yana komawa ta kowace kusurwa, labule na yi masa rakiya, ni kuma ina ninke kayan Baba a cinyata ba tare da na san me nake ninkewa ba. Sai ƙofar ɗakin ƙarshe ta buɗe.

Baba ya fito sanye da rigarsa mai kyau. Na gane nufinsa nan take: so yake Yaya ta tarar da shi a kujerarsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce mata wa ya ce na gaza. Ya ɗora yatsu biyu a bango daidai ƙugunsa. Suka tafi a kan fenti, suna nema, suna hawa kaɗan suna sauka kaɗan. Ya wuce banɗaki bai sani ba. A ƙofar kicin bangon ya ƙare masa a hannu, ya tsaya, ya karkata kai yana neman talabijin da kunne kamar yadda ya saba. Amma yanzu sautin ba shi da gaba ba shi da baya, teku ce ta ko'ina. Ya juya a hankali, ya sake juyawa, ya tsaya yana fuskantar firji, hannunsa a miƙe cikin iska, yatsun nan biyu a haɗe.

Na yunƙura, maigidan ya riƙe mini hannu. Ba ni yake kallo ba. Yatsun yake kallo, da bangon, daidai inda ya sa aka yi fenti biyu. Na ga abin yana isa gare shi a hankali, fuskarsa na saki kamar ta yaron da ya fasa abin da ba a sayarwa. Ya dube ni. Na kasa riƙe hawayena.

Ya tashi ya kashe tekun. Ya shiga sito, na ji yana buɗe kwali. Tsaf-tsaf ba ya zubar da komai: ga wayar a naɗe, an ɗaure da roba, ƙusoshinta a cikin leda. Ya fito da guduma, ya gyara murya.

“Baba, mai aikin nan ya cuce mu. Sautin ba ya fita daidai. Ashe sai an mayar da wayar lungun nan.”

Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin lasifika ake gaya wa haka. Baba ya juyo wajen muryar, ya sauke hannunsa.

“Yaran yanzu,” ya ce. “Ba su san aiki ba.”

Maigidan ya durƙusa ya fara bugawa a kan sabon fentinsa. Bai iya ba. Ƙusa ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ta ɓantaro bango, farar ƙura na zuba a kan wandonsa mai guga. Baba ya bi ƙarar gudumar har ya iso, ya lalubi wayar, ya ja ta da yatsa ya saki.

“Ta yi sama. Kuma ka ba ƙusoshin tazara da yawa, za ta saki.”

“To nuna mini, Baba.”

Wayar salula ta yi ƙara a aljihun maigidan. Ya ciro da hannun hagu, na hango sunan Yaya.

“Yaya, kada ki taso tukuna,” ya ce. “Baba na aiki. Zan kira ki mu yi magana.”

Ya miƙo mini salular. Baba ya laluba ya sami wuyan hannun ɗansa, ya riƙe gam, ya ja shi ƙasa kaɗan a jikin bango har daidai ƙugunsa, ya danna.

“Nan,” ya ce. “Buga. Biyo ni, ni na san hanya.”