Kujerar Misyo Lacombe

A garinmu akwai wata tsohuwar ƙungiya mai dogon suna da ke ƙarewa da belles-lettres. Kujerunta talatin ne, ba ƙari, sai wani ya mutu wani ke shiga. Al'adarsu kuwa, sabon shiga ya tsaya gaban jama'a ya yabi rubutun wanda ya gada, sannan a ce masa ya zauna.

Da Misyo Firmin Lacombe mai kantin magani ya rasu, aka zaɓi Madam Solange Pradel, wadda ta shekara talatin da takwas tana koyarwa a makarantar bayan tashar jirgin ƙasa. Ta ɗauko littattafan marigayin guda uku, duk waƙoƙi. Wata kamar azurfa, hawaye kamar lu'ulu'u, kowane layi an lafta masa ado har ya kasa tafiya. Tana tsakiyar na biyu ta tashi ta wanke tagogi.

Ita kuwa ko ɗan magajin gari ba ta taɓa ba shi makin da bai ci ba. Ga Asabar, ranar shigarta, ta matso, ga Agathe, 'yar marigayin kuma tsohuwar ɗalibarta, za ta zauna a layin gaba. Ko ta yi ƙarya, ko ta kunyata mamaci a gaban 'yarsa.

Ta sami sakataren ƙungiyar, Misyo Brugière, tsohon lauya, yana karin kumallo a shagon kofi.

"Ka karanta littattafan marigayin kuwa?"

"Madam, ni sakatare ne. Ajiyewa ce aikina."

"To gaya mini, belles-lettres ɗin da muke taƙama da shi, mene ne?"

Ya kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga gashin bakinsa. "Rubutun da aka yi don kyansa kawai. Ba takardar likita ba, ba ta kotu ba. Wanda ba ya yi wa kowa aikin komai."

"Ashe ya ci rabin maki. Ba su yi wa kowa aiki ba."

"Haba Madam! Ki ce yana da zuciya, shi ke nan. Wanda na gada littafi ya yi a kan ƙararrawar coci, shafi ɗari huɗu. Na ce yana da zurfi. Wa ya mutu?"

"Shi ai ya riga ya mutu."

Ran Alhamis ta tafi gidan marigayin, ko za ta tsinci abin faɗa. Ta tarar da Agathe tana ɗaure kaya a kwalaye.

"Sannu da zuwa, Madam. Baba kullum cewa yake waƙoƙin nan su za su tsaya bayansa. Za ki faɗi alheri, ko?"

Idon Madam Solange ya faɗa kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin murhu, da rubutun nan na masu kantin magani. "Odette, da zafi. Kira ni, ni zan ɗora." Ta juya, ga wata a ƙofa. "Na je sayen burodi. Minti goma. Ba a bar ki ba."

"Na Mama ne, Baba ya rubuta mata," in ji Agathe. "Shekarunta shida na ƙarshe ba ta tuna komai, amma karatu bai bar ta ba. Bayan ta rasu ya ƙi cire su. Yanzu zan kwashe in zubar."

A jikin madubi: "Matar nan ke ce. Kin yi furfura, ni ma haka." A ƙarƙashin wani hoto: "Agathe ce, 'yarmu. In ba ki gane ta ba, ba za ta yi fushi ba."

Madam Solange ta sake karanta su. Shekara arba'in mutumin nan yana neman kalma mai ƙyalli, da ya rasa lokacin nema sai ga shi ya iya rubutu.

"Ara mini su, 'yata."

Ran Asabar zauren ya cika, ana ta ƙamshin man goge katako da jiƙaƙƙun rigunan kwat. Madam Solange ta miƙe da kwalin takalmi a hannu.

"Misyo Lacombe ya buga littattafai uku, suna nan a kan kantar littattafai ga mai so. Ni na huɗu na kawo muku."

Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, talatin da bakwai, ba ta ƙara ko kalma ba. Na famfo, na matakala, na akwatin magani. Na ƙarshe daga kan gado aka ɓamɓaro shi: "Mutumin da ke kusa da ke mijinki ne, Firmin. Yana minshari. Tun da can ma kina haƙuri."

Wani ya yi dariya, dariyar ta maƙale masa. Ba a tafa da wuri ba.

Misyo Brugière ya matso yana fyace hanci, ya rage murya. "Madam, kin saka ni a uku. A wane babi zan sa wannan? Ai aiki suka yi."

"Ka ajiye su. Ba ka ce ajiyewa ce aikinka ba?"

Sai ga Agathe, idanu jawur. "Ba ki karanta waƙa ko ɗaya ba, Madam."

"Ban karanta ba."

Agathe ta dube ta irin kallon da takan yi a aji in aka mayar mata da takarda. Can ta miƙo hannu.

"Ba ni na madubin. Sauran su zauna nan."

Misyo Brugière ya jawo kujera ta goma sha ɗaya, ta marigayin, ya goge ta da hankicinsa. Madam Solange ta zauna, kwalin a cinyarta.